Wurin yatsu biyu

Yau na kai mota a gwada mini sabbin wili masu faɗi, daga taya 205/55 R16 zuwa 225/45 R17 (lambar farko faɗin taya ce a milimita). Tsayinsu kusan ɗaya ne, don haka agogon gudu ba zai yi mini ƙarya ba. Da aka ɗaura ta gaba, ni ina can ina kallon yadda motar ta yi kyau, shi kuwa bakaniken ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa ya cusa hannu tsakanin taya da bakin bodi. Yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar. Ya ce, "Yallaɓai, ka ɗauki mutum huɗu ka faɗa rami, za ka ji tayar tana cin bodi."

Sai ya juya wilin ya nuna mini wani ɗan rubutu a bayansa, ET35, lambar da ke nuna zurfin shigar wili ciki: in ta ragu, wilin ya ƙara fitowa waje. Na asalin motar ET45 ne, wato sabon ya turo tayar waje da milimita 10, ga wasu 10, rabin ƙarin faɗinta da ya faɗo ta gefen waje. Wallahi har yanzu raina na kan waɗancan wilin, amma masu lamba 45 zan nema.