Baƙon mako biyu da yaran Maradi: abin da aikin ya koya mana

Duk hutun makaranta ikilisiyoyin Maradi kan karɓi baƙi masu aikin sa kai, wasu daga Jos ko Kano ta iyakar Ɗan Issa, wasu daga Amurka. Galibi mako biyu suke yi, kuma wajen yara ake tura su. Baƙo a Maradi ba sabon abu ba ne, cibiyar kula da kutare ta Danja da makarantar Tsibiri duk aikin mishan ne. Sai dai mutanen da suka kafa su shekaru suka zauna, suka ji Hausa. Mai mako biyu mataimaki ne ga malamin makarantar Lahadi da zai ci gaba da yaran bayan tafiyarsa, kuma a kan haka ya kamata a gina dukan shirin.

A fara da iyaye. Mafi yawan yaran da za su taru in an ji kiɗa a harabar majami'a 'ya'yan maƙwabta Musulmi ne. Kafin baƙi su iso, fasto da dattijo ɗaya su je gaishe da mai unguwa, su faɗi gaskiyar abin da za a yi: waƙa, wasa, da labari daga Littafi Mai Tsarki. Yaron da mahaifinsa bai yarda ba, a sallame shi cikin mutunci. In aka ɓoye, baƙo ya hau mota ya tafi, ikilisiya ce ke zama da ɓacin ran unguwa.

Lokaci kuma rana ce ke yanke shi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka a fara ƙarfe 8, a tashi kafin 11 da rabi. A tanadi lita ɗaya ta ruwan sha ga kowane yaro, wato yara 60 jarka uku masu lita 20, ban da na wanke hannu da sabulu. A raba su goma sha biyar-biyar, kowane rukuni da babba biyu, ɗaya ɗan gari. Kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko wane ne shi.

Tafinta na cinye rabin lokaci. Labarin Yusufu da aka shirya na minti 20 zai koma 40, kuma ɗan shekara shida ba ya zama haka. Gara baƙo ya zauna da malamin tun daren jiya, malam ya ba da labarin da Hausa, baƙo ya riƙe hoto ko ya fito a matsayin Fir'auna. Yara sun fi jin daɗin haka nesa ba kusa ba.

Kayan da ake cika jaka da su ne suka fi ba da wahala. Fensirin kala mai kakin zuma narkewa yake yi a mota, balan-balan fashewa take yi da ta taɓa ƙaya. Alli, allo, littafin rubutu da ƙwallo duk akwai su a babbar kasuwa. Amma baƙo ya san lissafin nan da dala ake yi, wato sefa biyar: in mai kanti ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi.

Rabon alewa a fili kuwa, a daina shi gaba ɗaya. Yara arba'in kan zama ɗari biyu cikin ƙiftawar ido, manya su tattake ƙanana, yarinya mai goyon ƙaninta ta faɗi. Kyauta a damƙa wa zumuntar mata, su sun san gidan da ke da bukata. Hoto ma sai da izinin iyaye, kuma yaro marar riga ba abin sakawa a Facebook ba ne.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kira uwarsa a kai shi likita a gwada jini, kada baƙo ya ciro magani daga jakarsa. Mai gudawa a dama masa ƙullin gishiri da sukari na asibiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana kurɓa a hanya.

Abin da ya fi ciwo shi ne ranar rabuwa. Akwai yaron da zai manne wa baƙuwa, tana ɗaukarsa kullum, ta ce masa "zan dawo" alhali ba ta da tabbas. Shi kuwa zai yi ta leƙen ƙofar majami'a har wata uku. Tun ranar farko a gaya wa yara ranar tafiya, a rubuta kwanakin a allo ana gogewa ɗaya-ɗaya. Kwana biyun ƙarshe malamin gida ne zai ja komai, baƙi su koma baya su zauna a tabarma tare da yaran.