Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙullin da Ya Ɓace

Makon jiya na tsaya a lokacin da Baba ya daina kwanciya. Filo uku muke jera masa, duk da haka a zaune yake kwana, ya ce in ya miƙe ji yake kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ƙafafunsa sun kumbura, in na danna da yatsa ramin ya daɗe bai ciko ba. Inna ta duba, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Da aka ɗauki hoton ƙirji, sai ga wani farin abu a huhun dama, kamar ƙwai a kwance. Yaya bai jira likita ba. Kafin dare duk dangi sun ji wai Baba yana da ciwon daji, wai kuma ni na yi sake da shi. Ni da nake wanke masa ƙafa! Bara ma da muka haɗu wurin Gwaggo na so in tayar da zancen, na dai haɗiye.

Likitar ce ta zaunar da ni. Ta ce huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2, da tsaga a tsakaninsu. Idan zuciya ta gaza tura jini, ruwa yakan tsattsafo daga jijiyoyi ya kwanta a ƙasan huhu. Wani lokaci kuwa sai ya maƙale cikin tsagar nan, musamman in wani tsohon ciwo ya manne tantanin da ke lulluɓe huhun, a hoto ya fito tamkar ƙari. Nan na tuna maganar Inna: tsamin daga zuciya yake.

Aka sa shi a kan furosemide, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki ta fitsari, aka rage masa gishiri, kullum da safe in ɗora shi a sikeli in rubuta. Fitsari kam ya yi ta yin sa, har yana yi mini faɗa. Da aka sake hoto, babu ƙulli babu alamarsa. Na miƙa wa Yaya hotunan biyu. Ya ɗaga su a haske, ya ajiye, ya ce, "To, madalla." Shi ke nan fa.

Shekarun da suka biyo ba ni da abin faɗa a kansu. Sai da Baba ya fara ɓoye ƙwayoyinsa a ƙarƙashin filo don ya gaji da tashin dare, ƙwan nan ya dawo daidai inda yake a da. Inna ba ta raye a lokacin, ni na faɗi maganar tata. Wanda ya ba shi shawarar barin maganin, sai mako mai zuwa.