Tambayoyin da Nake Yi Kafin In Miƙa Maganin Ciwon Gaɓɓai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kanta a kantin magani a birnin Kano ya san cewa babu abin da ya kai maganin ciwon jiki da na gaɓɓai fita. Idan hunturu ya kama, dattawa ne ke zuwa da kukan gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa har sallah ta koma a kan kujera. Sauran watanni kuwa magina ne da 'yan dako da masu adaidaita sahu da telolin da suka wuni a sunkuye kan keke. Yawancinsu da sunan magani a baki suke shigowa, wani ya ce diklofenak, wani ibufurofen, wani firoksikam. Miƙa kwali a karɓi kuɗi ba aiki ba ne, ko yaro zai iya. Abin da aka san kantina da shi shi ne tambayoyin da ake yi kafin a miƙa, kuma saboda su nakan rasa ciniki wani lokacin.

Waɗannan magunguna dangi ɗaya ne, aikinsu kuma iri ɗaya: suna hana jiki samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke haddasa kumburi da raɗaɗi a wurin da ya samu rauni. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ya gano haka game da asfirin, wanda shi ma ɗan dangin nan ne, a 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Sai dai wannan sinadarin da ake toshewa shi ne kuma ke sa tumbi ya yi yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin narkar da abinci, shi ne ke taimaka wa jini ya gudana cikin ƙoda, musamman idan ruwan jiki ya yi ƙaranci. Ƙwayar da ta kwantar da gwiwa ita ce dai ke iya ƙwaƙule ciki ta raunana ƙoda. A Indiya, diklofenak ɗin da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar, domin ƙodarsu ce ke mutuwa idan suka ci mushen, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006.

Tun kafin in tafi Zariya karatun harhaɗa magunguna, a kantin kawuna na fara sanin wannan sana'a, Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina share-share da jera kwalaye kafin ya yarda in taɓa magani, kuma kowane sabon kwali ya shigo sai ya zaro takardar da ke ciki ya sa in karanta masa da ƙarfi. Yana da wata ɗabi'a da na gada: idan dattijo ya nemi maganin ciwon gaɓɓai, Kawu kan leƙo ta kan kanta ya dubi ƙafarsa, in ya ga alamar kumburi ya zagayo ya danna babban yatsa a kan ƙwaurin, ya jira ya ga ko wurin zai lotsa ya ƙi dawowa. In ya lotsa, babu ciniki, sai wasiƙa zuwa asibiti, domin ƙafar da ke tara ruwa tana iya nuna zuciya ko ƙoda da ta gaji. Daga baya na ji malamai suna bayanin dalilin a aji, amma idon da ke gani a wurinsa na samo.

Tambayata ta farko a kan ciki take. "Baba, ka taɓa yin olsa? Ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta?" Wasu kan ji nauyin tambayar, shi ya sa na ware kujera a gefe inda ba a jin maganar mutum. Baƙin bayan gida, ko amai mai jini, alama ce ta jini na zuba a ciki, kuma wannan ba na kanti ba ne, na sashen gaggawa ne. Daga nan sai hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da diklofenak ga wanda ke da ciwon zuciya ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, kuma ba a manta da Vioxx ba, maganin gaɓɓan da aka janye daga kasuwannin duniya a 2004 saboda haɗarin jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shan lisinofiril, wani maganin hawan jini, tare da maganin sa fitsari, idan ya ɗora diklofenak a kai, ƙodarsa ce ke shan wahala. Haka nake tsayawa a kan mai shan maganin tsinka jini, da mai asma. Mace kuwa matar da ke aiki tare da ni ce ke tambayarta ko tana da juna biyu, domin daga mako na 20 waɗannan magunguna na iya rage ruwan da ɗan tayi ke ciki, a watannin ƙarshe kuma ba a shan su sam.

Abin da ya fi ɓata mini rai a sana'ar nan shi ne masu haɗi. Za ka ga mutum da faranti a ka ko baro a tasha, rana na dukan kayansa, ya ɓare ƙwayoyi huɗu ko biyar ya ƙulle a leda ya ce maganin gajiya ne. Idan aka kawo mini irin wannan ƙulli na kwance a kan kanta, sau da yawa diklofenak nake gani da ibufurofen da firoksikam wuri guda, ga kuma deksametazon a kai, wani maganin kumburi mai ƙarfi da ba na dangin nan ba. Haɗa biyu daga dangin nan ba ya ƙara sauƙi, haɗari kawai yake ninkawa, deksametazon kuma yana ƙara sa ciki ya yi jini, ya tayar da suga, ya kumbura fuska har mutum ya ɗauka ƙiba ya yi. Firoksikam shi kaɗai yakan yi kusan kwana biyu kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa ba a wuce miligiram 20 a yini, amma ɗan dako zai sha ƙulli da safe ya ƙara wani da dare. Sannan a zo a ce mini, "Malam, kai kayanka tsada, can naira kaza ne." To, can ɗin wa ya tambaye ka lafiyar cikinka?

Ƙa'idar ba ta da wuya: magani ɗaya, mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa. Babba ba ya wuce miligiram 150 na diklofenak a yini, ibufurofen kuma 1,200 sai in likita ne ya ƙara. Wanda shekarunsa suka ja akan haɗa masa da omefirazol don kare ciki. Lokacin azumi, musamman idan ya faɗo a bazara, nakan hana shan su da sahur a kan ruwan shayi kawai. A bari sai an sha ruwa an ci abinci sosai. Masu neman allura kuwa, waɗanda suka yi imani ta fi ƙwaya ƙarfi, ina gaya musu cewa ta jini duk suke bi, kuma allurar ba ta kare ciki daga komai. Ga gwiwa ko yatsu, man shafawa na diklofenak yakan wadatar, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, sai dai shawo kan Hajiya ta yarda shafawa ma magani ce aiki ne babba.

Akwai gaskiyar da ba ta kawo ciniki amma dole in faɗe ta: maganin nan ba ya warkar da amosanin gaɓɓai. Inda guringuntsi ya cinye saboda shekaru da nauyin jiki, rage ƙiba da ƙarfafa naman cinya sun fi ƙwaya amfani. Wanda kuma yatsun hannayensa biyu ke kumbura, su sandare da safe fiye da awa guda, ciwonsa daban ne, yana buƙatar magungunan da ke tsayar da lalacewar gaɓa, kuma sai likita ke rubuta su. Irin waɗannan nake turawa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa, ranar za a tafi.

Kayana daga hannun dillalai masu rajista nake ɗauka, kowane kwali sai na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kuma na sha mayar da kaya saboda rubutun jikin kwali bai yi daidai da na sashen ƙwayoyin ba. Yawancin magungunan nan ba a so su wuce zafin digiri 30, a garin da Afrilu ke haura 40, don haka na sa sola domin ɗakin ajiya ya zauna da sanyi ko babu wuta. Duk mai dattijo a gida da ke shan magunguna barkatai, ya tattaro ledar gaba ɗaya, har da ƙulle-ƙullen tasha, ya kawo mu baje su mu duba tare bayan la'asar, lokacin da kanti ya ɗan lafa. Ba ma karɓar ko kwabo a kan wannan.