Taurarin da ke jikin iyakwandishan ba su kaɗai ke rage kuɗin wuta ba

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akara, wanda ya tashi sayen iyakwandishan yanzu yakan duba takardar nan mai ruwan ɗorawa ta Hukumar Makamashi ta Gana, ya ƙirga taurarin da ke kanta, domin tun shekarar 2005 aka kafa dokar manna ta, kuma yawan taurari alama ce ta ƙarancin cin wuta. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai zuba dubban sidi a kan na'ura mai kyau, sannan ya nemi mai haɗawa mafi araha, alhali a hannun wannan mai haɗawa ne amfanin taurarin yake tabbata ko ya salwanta.

Kafin a saki gas ɗin da ke kawo sanyi cikin bututun jan ƙarfe da ke haɗa ɓangaren ciki da na waje, wajibi ne a sa famfon zuƙe iska ya janye iska da laimar da ke ciki. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ɗan buɗe gas ya yi huci, su ce an gama. Laimar da ta rage tana gauraya da man kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ta riƙa lalata shi sannu a hankali, iskar kuma tana ƙara masa nauyi, sai ya yi ta aiki babu hutawa, katin wuta na ECG, kamfanin lantarki na Gana, ya ƙare tun wata bai raba ba. Haka kuma idan ba a ɗaure bakin bututun da kyau ba, gas zai yi ta tsiyayewa. Gas ɗin nan zagayawa yake yi a rufe, amfani ba ya cinye shi, saboda haka duk wanda ake ce masa ya ƙara gas kowace shekara, na'urarsa yoyo take yi, kuma gano wurin yoyon a toshe shi ne gyaran gaskiya.

Gidajenmu na zango a matse suke, shi ya sa ake cusa ɓangaren waje a lungu, inda zafin da ya fitar yake sake komawa cikinsa. A ba shi sarari da inuwa.

Sauran aikin na mai gida ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe rariyar da ke tace iska, kuma zare ta a wanke da ruwa duk bayan mako biyu ba ya buƙatar ƙwararre. Mu da ke Akara muna da ƙarin matsalar gishirin iskar teku, wanda ke cin ƙarfen ɓangaren waje idan ba a wanke shi. Tagogin gilashi masu falle-falle da ba sa rufuwa sosai, su ma sanyin da aka biya kuɗinsa suke fitarwa, don haka a toshe su kafin ma a kira mai haɗawa, kuma ranar da ya zo, a nemi ganin famfonsa tun bai huda bango ba.