Wasiƙa daga Mizuri: maƙwabtan nan da kuke ta tambayata a kansu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kowa lafiya, a gaishe da iyaye da yara. Gaisuwa ta tsaya nan, don tambayoyinku sun cika min waya. Na yi alkawarin ba ku labarin tsadar abinci da yadda muke sallar Juma'a, za mu zo kansu.

Tun watan Yunin 2025 da Amurka ta kai hari tashar nukiliyar Fordo ta Iran, duk wanda ya ji ina jihar Mizuri sai ya ce, "Wai daga garinku jiragen suka tashi?" Eh, daga kusa da mu ne. Sansanin Whiteman yana gefen wani ɗan gari, Knob Noster, bai kai tafiyar rabin awa a mota daga inda nake ba. Kewaye da shi gonakin masara ne da waken suya da shanu.

Rundunar da ke can ita ce ta 509, kuma tarihinta ba na wasa ba ne. An kafa ta a Disambar 1944 a Wendover, cikin hamadar Utah, ƙarƙashin Kanar Paul Tibbets, da aiki ɗaya tak: jefa makamin ƙare-dangi. Ranar 6 ga Agusta 1945 Tibbets ya tashi daga tsibirin Tinian da jirgin B-29 da ya raɗa wa sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, ya saki bam kan Hiroshima. Bayan kwana uku aka yi wa Nagasaki. Sunan uwa a jikin irin wannan jirgi, har yau abin bai kwanta min ba. Kuma galibin yuraniyam ɗin da aka yi aikin da shi daga Afirka aka haƙo, a ma'adinar Shinkolobwe ta Kwango. Bayan yaƙi rundunar ta zauna Roswell, a 1958 ta koma New Hampshire, sannan ta iso nan. Jirgin B-2 na farko, irin waɗanda suka kai harin Fordo, ya sauka nan ranar 17 ga Disamba 1993. A 2015 jikan Tibbets ya zama kwamandanta.

Jirgin ba shi da jela, baƙi ƙirin, idan ya gifta sai ka ce jemage. Mutum biyu ne kawai a ciki, ana zuba masa mai a sama, ya je ya dawo bai sauka ko'ina ba. Haka suka yi wa sansanonin 'yan IS kusa da Sirte a Libiya a 2017; a harin Afganistan na 2001 kuwa sun yi sa'o'i fiye da 40 a sama kafin su sauka a tsibirin Diego Garcia. Guda 21 kacal aka ƙera, kowanne ya lashe kusan dala biliyan 2.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanyi. Fentin da ke ɓoye jirgin daga na'urar rada ba ya son wahala, don haka kowanne yana da rumfarsa a rufe, ana daidaita masa yanayi, ma'aikata na lallaɓa shi dare da rana. Ni kuwa a Janairu da asuba nake fita ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota, yatsuna sun sandare cikin safar hannu, hancina na zuba, kuɗin ɗumama ɗaki na cin rabin abin da na ware. Mai shirin zuwa, ya bar sayen rigar sanyi a gida, ta nan daban ce.

Masu cewa in je bakin shingen in ɗauko musu bidiyo, ku yi haƙuri. Baƙo mai bizar karatu ba ya tsayawa da waya a bakin sansanin soja. Yawancin bidiyoyin da kuke turo min a WhatsApp ma ba na nan ba ne.

Naman halal sai mun je Kansas City. Maganar Juma'a kuwa sai wasiƙa ta gaba.