Sa katita a babbar jijiyar wuya da na'urar sikan: idonka a kan bakin allura

'Yan'uwa likitoci da masu jinya da ke aiki a asibitocin Makka da Jidda, musamman waɗanda ake turawa Mina da Arfa lokacin aikin Hajji, kun san irin majinyacin da nake nufi: dattijo, zafin rana ya buge shi, ruwan jikinsa ya ƙare, jijiyoyin hannu sun ɓuya, ga shi yana buƙatar noradirinalin, maganin ɗaga hawan jini. Dole a shiga babbar jijiya. Yau da wuya ka ga ɗakin kulawa ta musamman da ba shi da na'urar sikan, amma kasancewarta a gefen gado bai hana a huda karotid, babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa, bisa kuskure ba. Abin da ke hanawa shi ne ka san inda bakin allurarka yake a kowane motsi.

Hanyar dai ita ce wadda Seldinger, likitan hoto ɗan Suwidin, ya fito da ita a 1953: allura, waya, sai katita (siririn bututun da ake bari a jijiya) ta bi wayar. Jugula, jijiyar wuya mai dawo da jini zuciya, ita ake nufa, kuma ta dama aka fi so, domin ta miƙe sak zuwa babbar jijiyar da ke zuba a zuciya, ƙololon huhu ya fi ƙasa a dama, kuma babbar magudanar ruwan limf tana hagu.

Kafin ka buɗe kaya, ɗora kan na'ura mai miƙaƙƙen baki ka duba ɓangarorin biyu. Jugula tana lotsewa idan ka danna, karotid kuwa zagayayye ce mai kaurin bango, tana bugawa. Idan jijiyar ta ƙi lotsewa, ko ka ga daskararren jini a ciki, canza wuri. Karkata gado kai ya yi ƙasa da digiri 10 zuwa 15 idan majinyacin zai iya jurewa; jijiyar za ta cika, haɗarin shigar iska ya ragu. Kada a murɗa wuya har ƙarshe, hakan na ɗora jugula daidai kan karotid. Juyawa kaɗan ta wadatar.

Tsafta ba a rage mata komai: hula, takunkumi, riga da safar hannu masu tsafta, zanen da ya rufe majinyaci duka, kan na'ura cikin rigarsa. A goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta kulohezidin kashi 2 cikin barasa kashi 70, a bar shi ya bushe da kansa. Sannan allurar kashe zafi, lidoken kashi 1.

Ga inda ake samun matsala. Idan ka ɗora na'ura a kwance, wato a gicciye kan jijiya, ɗigon haske da kake gani a allo yana iya zama tsakiyar allura ne, bakin kuwa ya riga ya wuce gaba, watakila ya fasa bangon baya. Don haka sai ka riƙa tafiya da su bi da bi: ka tura allura kaɗan har ɗigon ya bayyana, ka tsaya, ka matsar da na'ura gaba har ya ɓace, ka sake tura allura. Wurin da ɗigon ya ɓace, nan ne bakin. A jikin wanda ruwa ya ƙare masa bangon gaba yakan lotsa ya manne da na baya kafin allura ta huda, sai ka ratsa duka biyun ba ka ga jini ba. Shi ya sa ba a danna na'ura da ƙarfi, kuma idan ka wuce, ka janyo allurar a hankali kana zuƙo sirinji.

Kada ka yarda da launin jini. Mai ƙarancin iskar oksijin jinin karotid ɗinsa baƙi ne, mai faɗuwar hawan jini kuma nasa ba ya tsartuwa.

Waya ta shiga ba tare da turjiya ba. In ta cije, kar ka tilasta, kuma kar ka janye ta ta cikin allura da ƙarfi domin tana iya yankewa, a fitar da su tare. Santimita 15 zuwa 20 sun isa, fiye da haka tana taɓa zuciya, za ka ga bugu ya rikice a allon sa ido. Yanzu cire allura, ka sake ɗaukar na'ura, ka nemo wayar a cikin jijiya a kwance da kuma a tsaye, ka bi ta har gindin wuya. Wannan dubawar ba ta cin minti ɗaya, kuma a ganina ita ce mafi muhimmanci a aikin gaba ɗaya. Ramin allura a karotid dannawa na minti 5 zuwa 10 kan tsayar da shi. Ramin sandar buɗa hanya kuwa, wadda ake turawa kan waya kafin katita, na iya kai mutum ɗakin tiyata ko shanyewar ɓarin jiki.

Sandar buɗa hanya fata da naman ƙarƙashinta kawai za ta buɗa, ba a cusa ta duka. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da waya, kuma ba a tura katita cikin fata sai wutsiyar wayar ta fito ta bakinta na ƙarshe ka kama. A dama katita kan tsaya wajen santimita 15 ga babba, a hagu ta ɗan fi haka. Da ka zare waya, ka nuna wa mai taimaka maka ita, a faɗa da baki cewa ta fito. Zuƙo jini ta kowane baki, wanke da ruwan gishiri, rufe, ɗinke, sa bandeji mai nuna fata.

Kafin ka ajiye na'ura, duba ƙirji ka tabbatar huhu na zamewa da numfashi. Hoton ƙirji zai nuna bakin katita wajen da maƙogwaro ya rabu biyu. Idan kuma aka gano katitar a karotid take, kada kowa ya zare ta a gefen gado. A bar ta a wurin, a rufe ta, kar a sa magani ta ciki, a kira likitan tiyatar jijiyoyi nan take.