Kofin filatinam: sikeli ne maigadinsa

Ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin siminti ko na ma'adinai yakan ajiye wasu 'yan kofuna da ake narka samfuri a ciki, a zafin da ya kai digiri 1,050 na ma'aunin Celsius. Yawancinsu kashi 95 filatinam ne, wani ƙarfe mai tsada sosai, kashi 5 zinare. Kofi ɗaya bai fi giram 30 zuwa 40 ba, yana shigewa aljihu ba a ji ba a gani. Maigadin bakin ƙofa bai ma san kamanninsa ba, balle ya tare shi.

Ba kasafai ake ɗauke kofin gaba ɗaya ba, don nan take za a farga. An fi yanke bakinsa kaɗan-kaɗan, ko a musanya shi da na nikel mai kama da shi. Sikeli ke tona duka biyun. Nauyin filatinam giram 21.45 ne a kowace santimita kubik, na nikel kuwa 8.9, don haka kofin nikel mai girman na filatinam mai giram 30 bai wuce giram 13 ba. Maganaɗisu ma yana jan nikel, ba ya jan filatinam.

Kowane kofi ya zama yana da lamba, kuma a sa kamfanin da ya ƙera shi ya buga ta. Kada a kankara da ƙusa, tsaga takan fara daga nan. A wanke shi, ya bushe, ya huce sarai, sannan a ɗora a sikelin da ke nuna miligiram 0.1. Kofi mai ɗumi yakan nuna nauyin da bai kai nasa ba, wanda ragowar samfuri ya maƙale masa kuma yakan haura, ya rufe abin da aka gutsure. A rubuta nauyin a littafi mai lambar shafi duk mako. Wanki da gogewa suna cin 'yan miligiram a hankali, wannan ba komai. Faɗuwar rabin giram cikin mako guda kuwa aikin almakashi ne.

Mutum biyu su sa hannu wajen fitarwa da mayarwa, kuma mai riƙe mabuɗin akwatin da ake kulle kofunan a ciki kada ya zama shi ne mai riƙe littafin.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne kayan da suka lalace. Kofi ya huje, ko wayar auna zafi ta tanderu ta tsinke, sai a soke sunanta a littafi a jefa aljihun tebur. Alhali wayar nau'in S, R da B filatinam ce da rodiyam, shi ma ƙarfe mai tsada, darajarta na nan ko ta mutu. Daga aljihun tebur sai buhun 'yan gwangwan. A auna kowane guntu, a sa a ambulan a manne, a rubuta nauyi da kwanan wata a bayansa, ya zauna a akwati har ranar da za a mayar wa kamfanin da ya ƙera shi ya narkar da shi, ya cire kuɗinsa daga farashin sabo.